Mai Neman Amsar Zaman Duniya, Ta Ina Zai Fara?

Shirin yaƙi da jahilci na gidan rediyon ƙasa. Jawabin wannan mako.

Muna gaishe da ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, musamman na Damargu, tun daga Tanut da Gangara da Falanko da Olelewa har Belbeji da ƙauyukan Tarka, domin maganarmu ta yau daga wajenku ta fito.

Yau ba za mu ɗauki baƙi da wasali ba, ba za mu yi lissafi ba. Ku ajiye allo, amma ku riƙe littafin rubutunku kusa, akwai abin da za ku rubuta a ƙarshe. Maganar da za mu yi a kan wani ilimi ne da ake kira falsafa, da yadda mutum zai fara shi ko da bai daɗe da sanin baƙi ba.

Abin da ya kawo maganar

Rani biyu da suka wuce ina riƙe da aji a wani ƙauye tsakanin Gangara da Belbeji. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo, shekarunsa sun haura hamsin, manomi ne kuma yana taɓa kiwo. Wata rana da aka tashi sai ya tsaya har kowa ya watse, ya ce: "Malam, ina da shawara."

Ɗansa yana ajin ƙarshe na lise a Damagaram. Yaron ya zo hutu da wani littafin rubutu na darasin da suke kira filo. A majalisa wani ya gaya wa dattijon cewa wannan darasi shi ke koya wa yara shakkar addini, wanda ya yi nisa a cikinsa sai ya bar salla. Saboda haka ya yi niyyar ya mayar da yaron gida tun kafin jarrabawa, wata biyar ke nan suka rage. Ya ce gara ɗa jahili mai salla da mai ilimi ɓatacce.

Na ce: "Baba, zauna mu yi magana." Muka zauna. Daga maganar yaro hira ta kai mu ga tasa rayuwar. Yana saurayi farin 1984 ya cinye shanun mahaifinsa. Ya yi shekaru yana tara nasa da kuɗin cin rani, yunwar 2005 ta sa ya sayar da rabi don sayen hatsi, rashin ciyawa na 2010 ya kashe saura. Ya yi shiru, can sai ya ce: "Malam, in an riga an rubuta abin da mutum zai samu, to wahalar da nake yi ta mece ce?"

Na ce masa: "Baba, wannan tambayar da ka yi yanzu tana cikin irin tambayoyin da ke littafin ɗanka."

Na san da yawa daga cikinku kun taɓa yin irin wannan tambaya da dare, lokacin da barci ya ƙi zuwa. Me ya sa mai gaskiya ke shan wuya, macuci yana ƙiba? Mene ne arziki? Wa ya fi gaskiya tsakanin manomi da makiyayi? In zauna gida ko in bi ƴan'uwa zuwa Libiya? To ga yadda ake riƙe irin waɗannan tambayoyi don kada su zama ciwon rai kawai.

Mece ce falsafa?

Kalmar ta zo mana daga Larabci, Larabawa kuma sun aro ta daga mutanen Yunan, watau Girka. Ma'anarta a harshensu son hikima. Aikinta shi ne a ɗauki babbar tambaya a bi ta sannu a hankali, ana neman dalili a kowane taki, ba a yarda da magana don kawai an saba jin ta ko don mai faɗin ta yana da babbar riga.

Manyan tambayoyinta sun kasu kamar haka. Akwai tambayar sani: yaya zan tabbata abin da na sani gaskiya ne? Akwai tambayar aiki: mene ne daidai in yi, mene ne adalci? Akwai kuma tambayar asali: mene ne mutum, mene ne rai, me ake nema a zaman duniya?

Wanda aka fi ambata a farkon wannan ilimi sunansa Sukurat, mutumin birnin Atina. Mahaifinsa mai sassaƙar dutse ne, mahaifiyarsa ungozoma. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Kasuwa yake shiga ya tare mutum ya tambaye shi ma'anar jaruntaka ko adalci. In mutumin ya amsa, sai ya kawo masa misalin da amsar ba ta rufe ba, su sake nema tare. Manyan gari suka ji haushi, suka ce yana ɓata samari. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba yana da shekara kusan 70. Almajirinsa Aflatun shi ya rubuta hirarrakinsa, Aflatun kuma shi ya karantar da Aristo. Kun ga ke nan tsoron da dattijonmu ya ji tsohon tsoro ne.

Yadda ta iso ƙasashenmu

A Bagadaza, zamanin halifofin Abbasiyawa, musamman Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, aka juya littattafan Yunanawa da yawa zuwa Larabci. Daga nan aka sami manyan masana Musulmi a wannan fanni, irin su Alkindi, da Alfarabi wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, shi kuma babban likita ne.

Ku saurari labarin Imamu Gazali da kyau, domin malamanmu na zaure sun san shi, suna karanta littafinsa Ihya'u. An haife shi a 1058. Ya zama babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa. Tun da ƙuruciya ya damu da tambayar sani. Ya lura ido yana yaudara: ka dubi inuwa ka ga kamar a tsaye take, bayan sa'a guda ka tarar ta gusa. A 1095 damuwa ta kai shi har harshensa ya kasa ba da karatu. Ya bar muƙami da albashi, ya tafi Sham da Ƙudus da Makka, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai bayan shekara 11. Ya rasu a 1111.

Gazali ya karanta littattafan masu falsafa ciki da bai, sannan ya rubuta littafin da ya yi musu raddi a kan mas'ala 20. A uku daga ciki ya ce maganarsu ta fita daga addini. Amma ya ce ilimin lissafi da na manɗiƙi, watau ƙa'idojin kafa hujja, babu laifi a cikinsu, wanda ya ƙaryata su da sunan addini cutar da addinin yake yi. Bayansa aka yi Ibn Rushdi, alƙalin Kurɗuba a Andalus, malamin mazhabar Malikiyya irin tamu, wanda ya rasu a 1198. Shi kuma ya mayar wa Gazali da amsa, ya ce nazari da hankali abu ne da shari'a ta yi kira gare shi ga wanda ya cancanta.

Saboda haka ban ce wa dattijon nan tsoronsa banza ne ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan ilimi tun da daɗewa, kuma akwai wuraren da ƙafa ke zamewa. Sai dai ku lura, shi kansa Gazali sai da ya karanta kafin ya yi raddi, kuma da hujja ya yi raddin.

A nan yankinmu ma ba baƙon abu ba ne. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya bi ta Abzin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar wanda yake ganin a guje shi. Akwai kuma Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen ƴarsa Hadiza. An haife shi a 1804, ya rasu a 1864, ya zauna a Salame ta ƙasar Sakkwato. Ya yi rubutu a kan tarihi da sufanci da falsafa. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, wanda ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, ya sadu da shi a 1853 ya kuma shaida zurfin iliminsa.

Har ila yau, duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi a zaure ya riga ya taɓa bakin wannan ilimi. A farkon littafin an raba hukuncin hankali kashi uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Bari in ba ku misali da kayan gidanku. Wajibi ne rabin dami ya kasa dami guda, hankali ba ya karɓar wanin haka. Mustahili ne rumbu ɗaya ya zama cike maƙil kuma fanko a lokaci guda. Ja'izi ne ruwa ya sauka gobe a Tanut, ja'izi ne kuma kada ya sauka. Mutum da yawa yana wahalar da kansa don ya ɗauki ja'izi ya mayar da shi wajibi. Ya ce tunda na yi asara sau uku, dole in yi ta huɗu. Hankali bai ce haka ba.

Taki na farko: rubuta tambayarka

Yanzu ga yadda za ku fara. Tambayar da ke yawo a zuciya kamar akuya ce da ba a ɗaure ba, ta shiga nan ta fita can. In ka rubuta ta, ka ɗaure ta a turke, sai ka iya duban ta. A nan karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Ka rubuta ta layi ɗaya, gajeriya. Sau da yawa in ka zo rubutawa sai ka tarar tambaya biyu ce ko uku suka cakuɗe. Dattijonmu da ya gwada, tasa ta rabu biyu. Ta ɗaya: shin ƙoƙarina yana da amfani? Ta biyu: me ya sa ni? Ta farko ana iya bin ta da hankali. Ta biyu yawancinta kuka ne na mai ciwo, abin da take bukata lallashi da haƙuri da ƴan'uwa a kusa.

Taki na biyu: tambayi ma'anar kalma

Gardama da yawa a majalisa ba ta ƙarewa saboda kowa da abin da yake nufi da kalma guda. Ku gwada da kalmar arziki. Wani zai ce arziki shi ne dukiya. To ku tambaye shi: mai garken shanu ɗari wanda ba shi da lafiya, ƴaƴansa kuma ba sa ga maciji da juna, mai arziki ne? In ya ce a'a, ashe dukiya kaɗai ba ta isa ba. Wani zai ce arziki shi ne jama'a. Ku tambaye shi: mai gida cike da mutane, rumbu ba ko zangarniya, fa? Ku tuna kuma muna ce wa yaro mai ladabi ɗan arziki ko da ubansa ba shi da ko dala. Da haka za ku ga kalmar tana ɗauke da kaya fiye da yadda kuka zata. Wanda zai bar iyalinsa shekara uku don neman arziki ya kamata ya san wanne daga ciki yake nema, da wanne zai bari a baya.

Taki na uku: raba gani da ji da zato

Duk abin da ke cikin kanmu ta ƙofa uku ya shiga. Ko mun gani da idonmu, ko an gaya mana, ko mun yi zato. In magana ta zo maka, tambayi kanka ta wace ƙofa ta shigo. In ji ne, wa ya faɗa? Shi gani ya yi ko shi ma ji ya yi? Me zai samu in na yarda?

A wannan zamani na wayar hannu abin ya ƙara muhimmanci. Saƙon murya ya zo cewa tiyar hatsi za ta faɗi a kasuwar Bakin Birji, mutum ya yi gaggawar sayar da nasa, bayan wata biyu ya sayo shi da ninki. Bai san mai muryar ba, bai tambayi ko dillali ba ne. Dattijonmu ma da na tambaye shi, wanda ya ba shi labarin filo bai taɓa shiga ajin ba, bai taɓa buɗe littafin ba. Ji ne a kan ji.

Muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas da tsakar rana ya ga ruwa shimfiɗe a gabansa, ya isa wurin ya tarar da rairayi. Shi ya sa magabata suka ƙara da cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Gani ma sai an gwada shi, a sake dubawa, a tambayi wani ko shi ma ya gani.

Abin da aka gada shi ma ana gwada shi, da ladabi. An daɗe ana ɗauka manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba toho. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da na kudancin Damagaram suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna gyara su, abin da ake kira sassaben zamani. Suka ga iska ba ta binne shuka kamar da, ƙasa ta farfaɗo, ga itacen girki ga abincin bisashe. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai hekta miliyan 5. Wani ne ya fara tambayar ko maganar da aka saba gaskiya ce, ya gwada a gefen gonarsa.

Taki na huɗu: auna magana biyu masu karo

Littafin falsafarmu na farko shi ne karin magana, kuma kowa a cikinku ya haddace shi. Sai dai karin magana yakan yi karo da ɗan'uwansa. Muna cewa mai nema yana tare da samu. Muna kuma cewa zafin nema ba ya kawo samu. To wanne ne gaskiya?

Wannan muka ɗauka a ajinmu washegari, da izinin dattijon, ba tare da an faɗi sunansa ba. Muka yi kwana uku a kai. Wata mata mai sayar da ƙuli ta ce duka gaskiya ne, domin ta ga wanda ya yi noma bai samu ba, amma ba ta taɓa ganin wanda bai shuka ba ya girbe. Wani saurayi ya ce to ai shi ke nan, nema sharaɗi ne amma ba lamuni ba ne. Muka rubuta wannan a allo. Karin magana na farko yana magana a kan abin da ke wuyanka. Na biyu yana magana a kan sakamako, wanda ba a hannunka yake ba, don kada ka kashe kanka ko ka cuci wani wajen nema.

Daga nan muka koma ga tambayar ƙaddara. Mun yi imani an rubuta. Amma wa a cikinmu ya karanta abin da aka rubuta masa kafin ya faru? Babu. Ashe ke nan ranar da ruwan shuka ya sauka, faɗin cewa an riga an rubuta ba ya gaya maka ka fita ko ka kwanta, tunda ba ka san wanne aka rubuta ba. Abin da ka sani shi ne wanda bai shuka ba ba ya girbi. Da muka kai nan sai muka ce wannan magana ta taɓa addini, kada mu yanke mu kaɗai. Muka tafi wurin limamin garin. Ya ce riƙo da sababi yana cikin addini, dogara ga Allah ba ta hana ɗaure raƙumi, fitarka gona ita ma tana cikin abin da aka rubuta.

Wani masani mai suna Efiktetus, wanda ya taso yana bawa a birnin Rum fiye da shekara 1900 da suka wuce, a kan wannan ya gina koyarwarsa: mutum ya raba abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa, ya sa ƙarfinsa a na farko. Ku gwada a littafinku. Ku ja layi a tsakiya. A dama ku rubuta abin da ba ku da iko a kai: ruwan sama, fara, farashin kasuwa. A hagu ku rubuta abin da kuke da iko a kai: irin da za ku shuka, yawan ciyawa da karan da za ku tara, ko za ku rage bisashe tun suna da ƙiba kafin bazara ta kama su, ko za ku ci bashi a kan hatsin da bai nuna ba. Dattijonmu ya yi mamakin tsawon layin hagu.

Taki na biyar: faɗi hujjar abokin gardamarka

Wannan shi ya fi wuya. Kafin ka ce mutum ba shi da gaskiya, ka faɗi hujjarsa da bakinka har sai ya ce, i, haka nake nufi. Ku ɗauki abin da ya fi damun Damargu. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, gonaki suka yi ta hawa arewa, wasu suka ci burtali da bakin tabki. Makiyayi yana cewa: nan hanyar kakannina ce, kuma doka tana tare da ni. Manomi yana cewa: ƴaƴana goma, gonar ubana ba ta ciyar da su, in kai su ina? An yi dokar tsarin karkara a 1993, an kafa kwamitocin filaye, an ƙara dokar kiwo a 2010. Amma doka ba ta shiga zuciya sai mutum ya tambayi kansa mene ne adalci.

Ga ma'auni mai sauƙi. In ka kawo hukunci, tambayi kanka: da ni ne a ɗaya gefen, zan yarda da wannan hukunci? In manomi ya ce dabbar da ta shiga gona a biya ninki, to ya yarda gonar da ta shiga burtali ita ma a biya ninki? In makiyayi ya ce burtali ba a taɓa shi, ya yarda gonar da ba a kwashe ba ita ma ba a taɓa ta? Hukuncin da kake so a kan wani amma ba ka so a kanka, son kai ne. A cibiyoyinmu na Tarka da Tanhiya, inda Bahaushe da Buzu da Bafulatani da Badagire ke zama tabarma ɗaya suna koyon baƙi, babu wurin da ya fi nan dacewa da wannan gwaji.

Gargaɗi

Ku riƙe abu uku. Na ɗaya, kowane ilimi da iyakarsa. In tambayarka ta hukuncin addini ce, tafi wurin malami masani. In baƙin ciki ya hana ka ci da barci kwana da kwanaki, har kana jin rayuwa ta ishe ka, wannan ciwo ne, ka gaya wa na kusa da kai ka je likita, kada ka zauna kai kaɗai kana tunani. Na biyu, ba a koyon wannan ilimi don a kunyata manya a majalisa. Yaron da ya dawo daga lakwal yana yi wa ubansa dariya bai fahimci darasinsa ba, domin farkon darasin shi ne mutum ya san ƙarancin saninsa. Na uku, kada ka ji kunyar cewa ban sani ba tukuna. Wasu tambayoyin ana shekaru ana bin su. Ni kaina tun ina makarantar horon malamai nake ɗauke da wasu, har yau ban sauke ba.

Wanda ya yi nisa a karatu yana son ƙari, ƙasarmu ba ta rasa masu tunani ba. Bubu Hama, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1982, ya rubuta littattafai masu yawa a kan hikimar mutanenmu da tarihinsu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a 1964 a kan irin ilimin da ya dace da Afirka, inda ya nuna muhimmancin koyarwa cikin harsunanmu. Da Faransanci suke, amma ɗanka na lise zai iya karanta maka shafi guda ya fassara, ku tattauna. Mai Larabci kuma ya nemi malamin da zai karanta masa Gazali.

Ƙarshen labarin dattijo

Abin da na roƙe shi ke nan ya yi. Ya kira yaron ya ce ya karanta masa littafin ya juya da Hausa. Suka yi dare uku a kai. Ya gaya mini akwai maganganun wasu Turawa a ciki da bai yarda da su ba ko kaɗan, ya faɗa wa yaron dalilinsa, yaron ya yarda da wasu, ya yi gardama a wasu. Ya tambaye shi ko ana hana su salla, ya ce a'a. Sai ya bar shi ya koma, da sharaɗin duk hutu ya zo da littafin su ci gaba. Yaron ya zauna jarrabawarsa. Shi kuwa dattijo a kakar nan ya tara kara da ciyawa fiye da yadda ya saba, ya sayar da tsofaffin awaki biyu tun suna da nama. Tambayarsa ta biyu, me ya sa ni, ya ce har yanzu takan zo masa, amma ba ta hana shi fita gona.

Aikin wannan mako

Malaman cibiyoyi, ga abin da za ku yi da ɗalibanku kafin shiri na gaba.

1. Kowane ɗalibi ya rubuta tambaya ɗaya da ta daɗe tana damun sa, layi ɗaya. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, na kusa da shi ya taimake shi. Ba dole ba ne a karanta ta a gaban jama'a.

2. Ku nemo karin magana biyu masu karo da juna, ban da waɗanda muka kawo, ku tattauna inda kowanne yake da gaskiya.

3. Ku ɗauki labari ɗaya da ya zaga garinku a wannan wata, ku bi sawunsa: wa ya gani, wa ya ji, wa ya yi zato.

4. Ku raba aji biyu a kan maganar gona da burtali. Manoma su faɗi hujjar makiyaya, makiyaya su faɗi hujjar manoma.

Abin da kuka samu ku rubuto mana ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na gundumarku, a Tanut ko a Belbeji, da sunan cibiyarku. Za mu karanta wasu a shiri mai zuwa. Mata kada ku bar wa maza rubutun, kun ji wadda ta warware mana ƙullin a ajinmu.

Allah ya ƙara mana fahimta, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.